Tebur Goma Sha Biyu a Allo Ɗaya: Amsa ga Mai Tambaya Kan Ƙanensa da Wasan Foka

Tambaya: Malam, ƙanena yana karatu a Ingila. Da na kai masa ziyara na tarar yana buga wasan karta na foka a intanet, da kuɗi, kuma ba a tebur ɗaya ba, har goma sha biyu a lokaci guda. Hukuncin caca a addini na san shi, shi ma ya san shi, na kuma tuna masa. Amsar da ya ba ni ita ce wannan gwaninta ce da lissafi, kuma yawan teburan ne ma ke rage haɗarin, domin idan an ci shi a nan zai ci a can. Ni ban san wasan ba, don haka na rasa abin ce masa. Tunda fanninka lissafi ne, mene ne gaskiyar maganarsa?

Amsa: Malam, tunda ka ce batun hukunci kun riga kun yi shi, kuma ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida ba su bar wani duhu a kai ba, zan tsaya ne a filin da ƙanenka ya zaɓa da kansa, wato lissafi. A maganarsa akwai gaskiya, amma rabinta ya ɗauka, ya bar rabin da ya fi nauyi. Yawan tebur yana ninka duk abin da ɗan wasa yake da shi, riba ce ko asara. Yana kuma rage ingancin wasansa a daidai lokacin da yake ninka shi. Sannan yana ɓoye masa wannan raguwar har tsawon makonni. Wannan na ukun shi ne ya fi damuna, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Dole in fara ba ka kaɗan daga yadda wasan yake, don ka iya bin lissafin. Nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne Texas Hold'em, inda ake raba wa kowane ɗan wasa karta biyu a rufe, sannan a buɗe guda biyar a tsakiya daki-daki, ana zuba kuɗi har zagaye huɗu. A kowane zagaye mutum zai zaɓi ya janye, ko ya bi zubin da aka yi, ko ya ƙara a kai. Kafin a raba karta akwai mutum biyu da ke yin zubin dole, ƙarami da babba, kuma da wannan babban zubin ne 'yan wasa ke auna komai. Za ka ji suna cewa wane yana cin zubi biyar a kowane hannu ɗari (hannu shi ne rabon karta guda, daga rabawa har a ci kuɗin tsakiya), wanda a wurinsu sakamako ne mai kyau ƙwarai. A al'ada mutum yakan zauna a tebur da kuɗin da ya kai babban zubi ɗari. Shi kamfanin da ke da shafin ba ya wasa da kowa. La'ada yake cira daga kuɗin da aka tara a tsakiya, galibi wajen kashi 5 cikin 100 har zuwa wani iyaka. Saboda haka idan aka haɗa dukan 'yan tebur wuri ɗaya, kullum a faɗe suke, kuma wanda zai fita da riba sai ya fi abokan wasansa da tazarar da ta wuce la'adar. Gwanintar da ƙanenka yake magana a kai gaskiya ce, akwai ta, sai dai siririya ce, kamar ribar mai sayar da gishiri.

A gidan caca, inda mutum ne ke raba karta da hannunsa, ana buga hannu 25 zuwa 30 a awa. A intanet tebur mai mutum shida yakan yi wajen 75. Tun da aka fara wasan da kuɗi a shafin Planet Poker a farkon 1998, musamman bayan da Chris Moneymaker, wani akanta da ya samu shiga ta ƙaramar gasar intanet, ya ci dala miliyan 2.5 a gasar duniya ta Las Vegas a 2003, matasa suka gane cewa babu abin da zai hana su buɗe tebur na biyu da na uku. Yanzu ka lissafa na ƙanenka: tebur 12 sau 75, hannu 900 ke nan a awa ɗaya. A cikin awa akwai daƙiƙa 3,600. Wato duk daƙiƙa huɗu sabuwar karta tana jiran hukuncinsa, ban da hannayen da ya riga ya shiga waɗanda ke buƙatar shawara ta biyu da ta uku da ta huɗu.

Na taɓa zama a bayan wani ɗalibina na kusan awa biyu yana wasa a tebur goma sha huɗu, domin ya roƙe ni in duba masa ƙididdigarsa, ni kuma na ce sai na ga wasan da idona. Ya jera teburan ne a kan juna kamar faifai, ta yadda wanda lokacinsa ya zo sai ya taso gaba yana ƙara. Hannunsa na hagu yana kan maɓallan da ya saita, na dama yana kan linzamin kwamfuta, shayinsa ya huce tun tuni bai ko kalle shi ba. Can sai ya kai yatsa zai janye wata karta marar amfani, kafin yatsan ya sauka wani tebur ya taso gaba, sai ga shi ya zubar da sarki biyu, karta ta biyu mafi ƙarfi da ake iya raba wa mutum, a hannun da wani ya riga ya zuba kuɗi da yawa. Ya yi tsaki, ya buga tebur na katako da ke gabansa, amma bai samu daƙiƙa biyar na jimami ba, domin tebur uku suna ta ƙara. Abin da na fi lura da shi ya zo ne bayan haka. Cikin minti goma da suka biyo baya ya shiga hannayen da tun farkon zaman yake janyewa daga irinsu, kuma da na tambaye shi daga baya ya rantse bai canza komai ba. Sai da muka buɗe tarihin hannayen a manhaja ya yarda.

Kuskuren yatsa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ake rasawa, don shi ana ganinsa. Ribar foka tana fitowa ne daga sanin mutumin da ke gabanka: wane ne ke burga da karta marar ƙarfi, wane ne ba ya ƙara zubi sai ya riƙe abin kirki, wane ne aka ci yanzu-yanzu zuciya ta ɗebe shi. Mai tebur biyu yana kallon mutum goma, yana ganin har hannayen da bai shiga ba, kuma a nan ne ake koyon halin abokin wasa. Mai tebur goma sha biyu yana da kujera sittin a gabansa, kuma da zarar ya janye daga hannu idonsa ya bar teburin. Masana halayyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da nuna cewa abin da muke kira yin ayyuka da yawa a lokaci guda, a zahiri tsalle ne daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle yana cin lokaci yana ƙara kuskure. Nelson Cowan ya kawo hujja a 2001 cewa abubuwan da hankali ke iya riƙewa a lokaci ɗaya ba su wuce huɗu ba, ko kusa da haka. A 2009 kuma masu bincike a Jami'ar Stanford, cikinsu har da Clifford Nass, sun gwada ɗaliban da suka saba haɗa kafofi da yawa lokaci guda, suka tarar sun fi sauran rauni wajen kawar da kai daga abin da ba shi da muhimmanci, har ma da wajen sauyawa daga aiki zuwa aiki. Binciken ba a kan 'yan karta aka yi shi ba, amma darasin ya shafe su: sabo da rarraba hankali ba ya mayar da mutum gwani a kansa, sai dai ya ba shi jin cewa ya gwane.

Abin da mai tebura da yawa ke yi don ya rayu shi ne ya mayar da kansa injin. Yana da jadawali a kansa: wannan karta a wannan kujera ƙari, waccan janyewa, zubi kullum girma ɗaya. Yakan dogara da manhajoji irin su PokerTracker da Hold'em Manager, waɗanda ke rubuta alƙaluma a kan sunan kowane abokin wasa, sai ya yanke hukunci da lamba biyu ko uku maimakon kallo. Wannan dabara tana aiki a kan sabon shiga, amma duk wanda ya zauna a tebur biyu yana lura zai karance shi cikin rabin awa, ya riƙa sace masa ƙananan zubi yana kauce wa manyansa. Kuma wasu shafukan sun hana waɗannan manhajojin, kamar yadda partypoker ya yi a 2019, wanda ke nufin a can babu ma wannan sandar da makaho ke dogarawa.

Ga misali na lissafi, alƙaluman ƙaddarawa ce na yi don a ga siffar abin. A ce babban zubi senti 50 ne, kuma ƙanenka gwani ne da ke cin zubi 6 a hannu ɗari idan yana tebur biyu. Hannu 150 a awa, ribar zubi 9, wato dala 4.50. Ya koma tebur huɗu, cinsa ya sauka zuwa 5, ga hannu 300, ribar zubi 15, dala 7.50, a nan ƙarin tebur ya biya shi, kuma wannan ne rabin gaskiyar da yake riƙe da shi. Ya kai tebur takwas, cinsa ya koma biyu da rabi, hannu 600, ribar dai zubi 15 ce, aiki ya ninka kuɗi bai motsa ba. A tebur goma sha biyu, idan cinsa ya sauka zuwa zubi ɗaya, hannu 900 za su ba shi zubi 9, daidai da abin da yake samu a tebur biyu yana shan shayinsa da zafi. Bambancin kawai shi ne yanzu yana da dala 600 baje a kan tebura maimakon dala 100. Kowane ɗan wasa yana da inda wannan layin ke karyewa, wani a huɗu, wani a takwas, kuma akwai tsirarun da suka kai ashirin suna ci. Matsalar ita ce babu wata ƙararrawa da ke kaɗawa ranar da mutum ya wuce nasa.

Yanzu mu zo ga zancen "idan an ci ni a nan zan ci a can". A foka sa'a tana lilo da mutum sama da ƙasa, kuma ana iya auna girman wannan lilon. A tebur mai mutum shida, ma'aunin kaucewa, wato yadda sakamako ya saba kauce wa matsakaicinsa, yakan kasance tsakanin zubi 80 da 100 a kowane hannu ɗari. Mu ɗauki 90. Ka kwatanta: ribar gwani zubi 5 ce, lilon sa'a zubi 90, wato hayaniyar ta ninka saƙon sau goma sha takwas. Gaskiya ne cewa yawan hannaye yana sa sakamako ya kusanci haƙiƙanin ƙarfin mutum, kuma wannan ka'ida ce tabbatacciya a ilimin yiwuwa. Amma ka'idar ba ta yi alkawarin riba ba. Abin da ta ce shi ne za ka isa inda wasanka ya dosa, da sauri. Idan mutum yana faɗuwa da zubi 3 a hannu ɗari, a gidan caca ba zai rasa cikakken zubi ɗaya a awa ba, amma a tebur goma sha biyu zubi 27 ne ke zurarewa duk awa, dala 13.50, kuma a zaman awa biyar a rana wata ɗaya ya isa ya haura dala 2,000.

Kuma lilon na awa ɗaya ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. A hannu 150 ma'auninsa wajen zubi 110 ne, a hannu 900 kuwa zubi 270, wato dala 135. Mutumin da haƙiƙanin ribarsa dala 4.50 ce a awa, abu ne na yau da kullum ya tashi sama ko ƙasa da dala 135 cikin awa guda. Ta yaya zai hango dala huɗu da rabi a cikin wannan ƙura? Ba zai iya ba, kuma lissafi ya nuna haka ƙarara. Bayan hannu 10,000, wanda ƙanenka zai buga cikin awa goma sha ɗaya, gwani mai cin zubi 5 yana da yiwuwar kusan kashi 29 cikin 100 ya kasance a faɗe, shi kuma mai faɗuwa da zubi 3 yana da yiwuwar kusan kashi 37 cikin 100 ya kasance da riba a hannu. Ko bayan hannu 100,000, alƙaluman da zai gani suna iya kauce wa gaskiyarsa da kusan zubi shida a hannu ɗari, sama ko ƙasa. Saboda haka idan ya ce maka ya ƙara tebur kuma sakamako ya nuna yana ci, abin da ya gani bai isa hujja ba. Idan kuma ya faɗi, zai ce sa'a ce ta juya, kuma wani lokacin gaskiyarsa ne, shi ya sa da wuya a kama shi da magana, shi ma da wuya ya kama kansa.

Akwai wata ka'ida da masu lissafin caca ke auna yiwuwar karyewar jari da ita, kuma ina so ka kai masa wannan musamman. A ce jarinsa dala 1,500 ne, wato kuɗin zama a tebur, dala 50, sau talatin, adadin da da yawansu ke ganin ya wadatar. Idan yana cin zubi 5 a hannu ɗari, yiwuwar jarin ya ƙare gaba ɗaya wajen kashi biyu da rabi ne cikin 100. Idan cinsa ya sauka zuwa 2, ta haura zuwa kusan 23. Idan ya sauka zuwa 1, ta kai kusan 48, kamar a jefa kwabo sama. Jarin bai canza ba, girman teburin bai canza ba, wasan ne ya ɗan yi rauni kaɗan da ido ba ya gani. Kuma wannan lissafin ya ƙaddara cewa ba ya cire ko sisi don hayar ɗaki ko abinci, kuma zuciyarsa ba ta taɓa motsawa.

Zuciya kuwa tana motsawa. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a ran ɗan Adam, kuma wanda ke cikin asara ya fi yarda ya yi kasada don ya farfaɗo. A tebur ɗaya, idan aka yi wa mutum mugun ci, yana da minti biyu ko uku na kallon wasu suna wasa kafin hucinsa ya sauka. A tebur goma sha biyu fushin da aka kunna a tebur na uku yana yanke hukunci a sauran goma sha ɗayan kafin ya ja numfashi, kamar yadda na gani a wurin ɗalibin nan. Ga kuma wani ƙaramin saiti da kusan kowane mai tebura da yawa ke kunnawa, wanda ke cike masa kuɗin teburi daga asusunsa duk lokacin da suka ragu, ba tare da tambaya ba. Sai ya riƙa ganin dala 50 cif a kowane tebur, alhali rumbun da ake ɗiba daga ciki yana ta ramewa a bayan allo.

Wata hujja da za ka ji daga bakinsa ita ce kamfani yana mayar wa mai yawan wasa wani kaso na la'adar da ya biya. Haka ne, kuma an yi zamanin da mutane suka rayu a kan wannan kaɗai. Shafin foka na PokerStars ya taɓa samun wani matsayi da ake kira Supernova Elite, wanda sai mutum ya tara maki miliyan ɗaya a shekara, kuma ladarsa takan haura dala 100,000. Mutane suka riƙa zama a tebur 24 daga safe zuwa dare, ba ci ba faɗuwa, suna jiran wannan ladar. A ƙarshen 2015 kamfanin ya sanar da zaftare ta, 'yan wasa suka yi yajin aiki na kwana uku a watan Disamba, bai sauya komai ba, daga baya ma aka soke matsayin baki ɗaya. Wanda ya gina gidansa a filin aro, ran da mai fili ya so sai ya tashi. Shahararren ɗan wasan wancan zamani, Randy Lew, ya yi nuni a tsibiran Bahamas a Janairun 2012, inda ya buga hannu sama da 23,000 cikin awa takwas, ya tashi da ribar dala 7.65. Nuni ne na kafa tarihi, sharaɗinsa kawai ya fita da riba ko ta nawa ce, don haka ba ma'aunin gwanintarsa ba ne. Amma ni duk lokacin da na tuna lambar sai in yi murmushi.

Su kansu masu shafukan da hukumomi sun juya wa abin baya. A Agustan 2019 PokerStars ya rage adadin teburan kuɗi da mutum zai iya buɗewa daga 24 zuwa 4, yana mai cewa masu tebura da yawa suna jinkirta wa saura wasa. Dokar caca ta Jamus da ta fara aiki a Yulin 2021 ta ƙayyade tebur huɗu, tare da iyakar zuba Yuro 1,000 a wata. A Birtaniya, inda ƙanenka yake, hukumar kula da caca ta hana amfani da katin bashi a caca tun Afrilun 2020, kuma a Oktoban 2021 ta hana injinan caca na intanet juyawa cikin ƙasa da daƙiƙa biyu da rabi, ta kuma hana kamfanoni bai wa mutum damar buga injin fiye da ɗaya a lokaci guda. Wannan ta ƙarshen ba foka ta shafa ba, amma dalilinta ɗaya ne: gwargwadon gajartar lokacin da ke tsakanin zubi da sakamako, gwargwadon yadda wasa ke kama mutum. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca a rukuni ɗaya da jarabar ƙwaya da giya a kundinta na 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince da ita a matsayin cuta. Foka a tebur ɗaya wasa ne mai jira da gundura, kuma wannan gundurar kariya ce. Tebur goma sha biyu suna cire ta, su mayar da wasan kusa da injin caca, inda kowace daƙiƙa akwai abin da ke motsa jini.

Akwai kuma abin da mai gudu ba ya gani a hanya. Manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a wasan mutum biyu a 2017, ƙanwarta Pluribus ta yi haka a tebur mai mutum shida a 2019, kuma shafuka suna rufe asusun masu amfani da manhajar da ke buga musu wasa ko masu haɗa baki a kai a kai. A 2007, lokacin da aka gano wani asusu a shafin Absolute Poker yana ganin kartar abokan wasansa, 'yan wasa ne masu bin tarihin hannaye ɗaya bayan ɗaya suka bankaɗo shi. Wanda yake tsalle tsakanin tebur goma sha biyu ba zai lura cewa mutum biyu ba sa taɓa cin juna ba. Haka kuma yawan tebur yana tilasta ajiye kuɗi masu yawa a hannun kamfani, kuma waɗanda suka ajiye nasu a shafin Full Tilt Poker sun ji a jikinsu a 2011, da aka gano ana bin kamfanin kusan dala miliyan 390 alhali abin da ke asusunsa bai wuce wajen miliyan 60 ba. 'Yan Amurka daga cikinsu sai a 2014 aka fara biyansu.

Idan kuma yana ci gaba da wasan in ya zo gida hutu, ka tuna masa cewa ɗaukewar wuta ko katsewar sabis na minti ɗaya ya isa. Lokacin jira yana ƙarewa sai manhaja ta janye masa, kuɗin da ya riga ya zuba su tafi ga wanda ya rage, kuma hakan zai faru ne a duk teburan da yake ciki a tare.

Da ni ne a matsayinka, Malam, ba zan sake musu da shi a kan ko gwaninta ce ko sa'a ba, domin a wannan yana da amsa a shirye. Zan ce ya buɗe mini tarihin asusunsa, in ga jimillar abin da ya zuba da jimillar abin da ya cire tun ranar da ya fara, domin wannan lambar ba ta da burga. Sannan in ce ya nuna mini hannu nawa ya buga, ya raba su gida biyu, na lokacin da yake tebur huɗu zuwa ƙasa da na lokacin da yake goma sha biyu. Manhajar da yake amfani da ita tana riƙe da lokacin kowane zama, kuma mai iƙirarin lissafi ba shi da uzurin ƙin nunawa. Idan ya nuna cikin sakin fuska, to ku raba ribar da awannin da ya kashe, ku kwatanta da mafi ƙarancin albashin awa a Ingila, ku kuma ɗora sakamakon jarrabawarsa a gefe. Idan kuwa ya yi fushi, ko ya fara kame-kame, ko ka gano ya taɓa kuɗin makaranta ko ya ci bashi, to maganar ta bar fannina ta koma ta likita da ta iyali. A can akwai tsarin GamStop, wanda mutum ke rajista a toshe shi daga dukan shafukan caca masu lasisin Birtaniya na wata shida ko shekara ɗaya ko shekara biyar, kuma bankuna da yawa suna da maɓallin hana katin mutum biyan kuɗin caca a cikin manhajarsu. Shi ne zai danna da hannunsa, amma yana da kyau kana zaune kusa da shi ranar da zai yi.